Wata Uku a Garin Hägerström

Ranar da na fara shiga aji a Uppsala, abin da aka rubuta a takarda shi ne lacca ƙarfe 10. Na isa da sauran minti 10, na tarar da ɗaki wayam. Ƙararrawar babbar majami'ar garin ta buga goma, babu kowa sai ni da wata yarinya da ke saƙa hular sanyi a kujerar baya. Sai da aka yi goma da kwata cif malami ya turo ƙofa, ɗalibai na biye da shi. Daga baya aka fahimtar da ni cewa ba latti ba ne, al'ada ce mai tsohon tarihi. A zamanin da ɗalibi ba shi da agogo, ƙararrawar majami'a ce ke gaya masa lokaci, sai a ba shi minti 15 ya taso daga ɗakinsa ya iso gaban malami. Agogo ya zo, waya ta zo, amma jami'ar da aka kafa tun 1477 ba ta ga dalilin zubar da kwatan nan ba.

Aikin adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu ne ya kai ni Suwidin, daga Oktoba zuwa farkon Janairu. Uppsala na arewa da Stockholm, tafiyar kamar minti 40 a jirgin ƙasa. Wani ɗan kogi mai suna Fyris ya ratsa garin, ya bar kasuwa da tasha a gabas, jami'a da majami'a da tsohuwar fada a kan tudu ta yamma. Hasumiyoyin majami'ar biyu sun haura mita 118, duk inda mutum ya ɓace a garin sai ya ɗaga kai ya gane hanya. A kan tudun ne babban ɗakin karatu na Carolina Rediviva yake, kuma a can na ga abin da ya fara tsayar da ni: wani littafin Linjila na ƙarni na 6 cikin harshen Gotawa, an rubuta shi da tawadar azurfa a kan fata mai launin shunayya, yana kwance cikin gilashi a ɗaki mai duhu don kada haske ya cinye shi. Harshen ya mutu, mutanensa sun watse, littafin na nan.

Amma ba littafin azurfa ne ya biyo ni gida ba. Wani malami ne da ya rasu tun 1939.

Na kama haya a gidan wani dattijo, tsohon malamin sakandare da ya karanta falsafa a ƙuruciyarsa. Tun daren farko ya ce in kira shi da sunansa na yanka, domin haka ake yi a ƙasar: tun wajen ƙarshen shekarun 1960 mutanen Suwidin suka ajiye laƙabi, ɗalibi na kiran farfesa da sunansa, majinyaci na kiran likita da sunansa. Bakina ya ƙi. Mutumin ya girmi mahaifina. Na bayyana masa cewa a wurinmu wannan rashin kunya ne, na roƙe shi ya bar ni in ce masa Baba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce 'ya'yansa na cikinsa ma sun daɗe ba su zo ba, in kira shi da abin da na ga dama. Kullum ƙarfe 3 na yamma yakan dafa gahawa ya yanka burodin kirfa, mu zauna a kicin, zaman da suke kira fika. A irin zaman nan ne na tambaye shi wani suna da na gani a allon sanarwa na sashen falsafa, inda aka ambaci laccocin da ake yi duk shekara don tunawa da Axel Hägerström.

Baba ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Kana zaune a garinsa, kana tafiya ƙarƙashin dokokin da almajiransa suka taimaka aka gyara, ba ka san shi ba?"

An haifi Axel Hägerström ranar 6 ga Satumba 1868 a Vireda, wani ƙauye na lardin Småland a kudancin ƙasar. Mahaifinsa limamin cocin Lutheran ne, mai tsanani a addini. Ana ba da labari cewa yana yaro ya taɓa cusa hannunsa cikin wutar murhu don ya ɗanɗana irin azabar da ake faɗa masa tana jiran masu zunubi. Wanda ya ji wannan labari ya san da irin yaron da ake magana: ba ya jin zance ya wuce shi, sai ya taɓa ya gani. Ya yi sakandare a Jönköping, ya zo Uppsala a 1886 da niyyar karanta ilimin addini ya gaji mahaifinsa. Bai daɗe ba ya sauya zuwa falsafa, abin da ya ɓata tsakaninsa da uban na wani lokaci. Daga shekarar nan har mutuwarsa, shekara 53, Uppsala ce gidansa.

A 1893 ya kare kundin digirinsa na dakta a kan ra'ayin Aristotle game da ɗabi'a, aka ba shi matsayin da suke kira docent, wato malami mai izinin koyarwa amma marar kujera. Sai mutum ya ga yadda jami'ar ke ɗaukar digirin dakta zai gane nauyin abin. Har yau, mako uku kafin ranar kare kundi, akan kafe kwafinsa a bainar jama'a, a wasu sassa da ƙusa da guduma, don duk mai son suka ya karanta ya shirya. Ranar karewa a buɗe ƙofa take, ana gayyato masani daga wata jami'a musamman don ya yi jayayya da ɗalibin a gaban kowa. Ranar yaye daktoci kuwa har igwa ake harbawa, a sa wa masu falsafa rawanin ganye a ka, a sa musu zobe.

A Suwidin an raba falsafa gida biyu, kowane da kujerarsa. Akwai falsafar nazari, mai binciken ilimi da mandiƙi da haƙiƙanin samuwa. Akwai falsafar aiki, mai binciken ɗabi'a da shari'a da mulki da addini. A zamanin Hägerström kujera ɗaya ce tak ga kowane fanni, kuma sai mai ita ya sauka ko ya mutu. Hägerström ya jira shekara 18. A cikin jiran nan ya yi aure da 'yar wani limamin coci, ya riƙa koyarwa a madadin farfesan da rashin lafiya ta kama, Erik Olof Burman, ya kuma riƙa rubutu kamar wanda ake kora: wani ƙaton littafi da Jamusanci a kan Kant a 1902, wani a kan hukuma da shari'a a 1904, wani a kan tushen kimiyya a 1908, wani yana sukar yadda mabiya Marx ke ɗaukar tarihi kamar mai tafiya zuwa wata manufa a 1909. Kowa ya shaida rubutunsa da wuyar karantawa. Baba ya ciro mini ɗaya daga kanta, ya nuna mini jimla guda da ta kusan cinye rabin shafi.

A lokacin, tunanin da ke mulkin Uppsala na Christopher Jacob Boström ne, wanda ya riƙe kujerar falsafar aiki daga 1842 zuwa 1863. A wurin Boström haƙiƙa ta ruhi ce, hukuma ma wata halitta ce ta ruhi, sarki kuma shi ne wakilinta. Da wannan aka tarbiyyantar da limamai da alƙalai da ma'aikatan ƙasar shekaru da dama. Kujerar Boström ɗin ce ta faɗo hannun Hägerström a 1911, yana da shekara 42.

Sabon farfesa yakan yi laccar hawa kujera. Tasa ta zo ranar 18 ga Maris 1911, kuma tambayar da ya ɗauko ita ce: shin maganganun ɗabi'a gaskiya ne? Ya buɗe da tsohon labarin Herodotus, inda Dariyus sarkin Farisa ya tambayi Girkawa nawa za a biya su su ci gawar iyayensu, suka ce babu kuɗin da zai sa su yi. Ya tambayi wata ƙabilar Indiya masu cin gawar iyayensu nawa za a biya su su ƙone ta, suka yi kururuwa don ƙyama. Wanda ya ji farkon zai zaci malam zai ce kowa da gaskiyarsa. Ba nan ya nufa ba. Cewa ya yi idan mutum ya ce abu kaza mugu ne, ko abu kaza wajibi ne, bai faɗi gaskiya ba kuma bai faɗi ƙarya ba, domin bai siffanta komai a duniya ba. Abin da ke zuciyarsa na so ko ƙi ne ya fito, ya sa rigar bayani. Ka auna sata ta kowace fuska, za ka sami hannu da kaya da mai kaya da asara da kuka. Ba za ka sami wani abu na daban mai suna "muni" da za a ɗora a sikeli ba. Don haka, in ji shi, jami'a na iya binciken ɗabi'un mutane, daga ina suka fito, yaya suke canzawa, amma ba ta da ilimin da za ta ce wa mutum ga abin da ya wajaba ka yi.

Baba na cikin fassara mini wannan sai na ji kamar an mayar da ni zauren malaminmu, lokacin da muke karatun balaga. Malaman balaga sun raba zance gida biyu. Akwai habari, wanda za a iya ce wa mai shi ka yi gaskiya ko ka yi ƙarya, kamar "ruwa ya sauka". Akwai insha'i, wanda ba ya karɓar gaskatawa ko ƙaryatawa: umarni, hani, tambaya, kira, fata. Wanda ya ce maka "tashi" ba za ka ce masa ƙarya kake yi ba. Abin da Hägerström ya yi shekara da shekaru yana haƙa shi ne cewa dukan zancen kyau da muni insha'i ne da ya ɓad da kama ya shigo cikin habari. Da na gaya wa Baba haka, ya tashi ya ɗauko biro ya ce in rubuta masa kalmomin biyu da haruffan Larabci a bayan littafinsa.

Sashen aikinsa da ya fi burge ni shi ne na shari'ar Romawa. Ya shafe shekaru cikin tsofaffin littattafan Latin yana bin tambaya ɗaya: idan an ce wane yana da "haƙƙi" a kan gona, ko ana bin wane "bashi", mene ne wannan abu, a ina yake zaune? Ya duba yadda Baromen dā ke sayen bawa ko sa. Sai an tara shaidu 5, baligai 'yan ƙasa, da mutum na shida riƙe da sikeli; mai saye ya kama abin da hannunsa, ya furta wasu kalmomi ƙayyadaddu, ya buga ɗan guntun tagulla a jikin sikelin ya miƙa wa mai sayarwa. In an kuskure lafazi, ciniki bai ƙullu ba. Hägerström ya ce Romawa sun yi imani kalmomin nan suna da ƙarfi irin na tsafi, suna ƙulla wata igiya da ido ba ya gani tsakanin mutum da kaya, ko tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Mutanen zamani sun watsar da tagulla da sikeli, amma sun riƙe igiyar, suna kiranta haƙƙi. Kashi na farko na wannan bincike ya fito da Jamusanci a 1927, na biyu sai a 1941, bayan mutuwarsa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ji mai shanu ya ce "na sallama", ko ya zauna a ɗaurin aure ya ji waliyyi ya ce "na ba shi", wakilin ango ya ce "na karɓa", ya san abin da mutumin nan ke nunawa da yatsa. Kafin kalmar, saniyar ta wane ce. Bayan kalmar, ta wani ce, alhali ko gashi ɗaya bai canza a jikinta ba. Malaman fiƙihu ma sun lura da haka tun tuni, suka ce sigar ciniki lafazinta na habari ne amma ma'anarta insha'i ce, ba ta ba da labarin ciniki, ita ce ke haifar da shi. Tambayar Hägerström tambaya ce ta gaske, kuma ban ga laifin wanda ya yi ta ba.

Inda muka rabu da shi a amsa ne. Malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda littattafansu muka tashi muna karantawa, su ma sun ce hankali shi kaɗai ba ya tsinto wajibi da haram a jikin abubuwa kamar yadda ake tsintar launi ko nauyi. Har nan tafiyarsu ɗaya da malamin Uppsala. Amma su sun ƙara taku: umarni ba ya karɓar gaskiya ko ƙarya, to amma cewa akwai Mai umarni, kuma Ya hana zalunci, wannan habari ne, ko dai haka ne ko ba haka ba ne. Hägerström ya rufe wannan ƙofa tun daga soro, domin a wurinsa duk abin da ba ya cikin wuri da lokaci ba abu ba ne, zancensa ma kalmomi ne marasa ma'ana. Ya ɗauki rushe ilimin abin da ke bayan duniyar zahiri a matsayin aikin rayuwarsa, har ya mai da shi takensa. Ni kuwa na kasa ganin a wane sikeli aka auna wannan hukunci nasa. Cewa babu komai sai abin da ke cikin wuri da lokaci, shi ma ba a gan shi da ido ba. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce shekara 50 ke nan yana juya wannan magana, wata rana yana tare da Hägerström, wata rana ba ya tare da shi.

Abin mamakin ƙasar shi ne yadda maganar malami ɗaya, wanda ba mai yawan tafiye-tafiye ba ne, ba kuma ɗan siyasa ba, ta fita daga aji ta shiga kotu da majalisa. Vilhelm Lundstedt, farfesan shari'a a Uppsala, ya zama almajirinsa, ya kuma yi shekaru a majalisar dokoki ƙarƙashin jam'iyyar Social Democrat yana cewa a daina gina doka a kan ramuwa da haƙƙin da aka ce an haifi mutum da shi, a gina ta a kan amfanin jama'a. Karl Olivecrona ya kai koyarwar Lund. Alf Ross na Denmark ya zo ya yi karatu a wurin Hägerström. Gunnar Myrdal, masanin tattalin arzikin da ya sami kyautar Nobel a 1974, daga wannan rijiya ya sha ra'ayinsa cewa dole mai bincike ya fito da abin da yake so a fili, kada ya ɓoye shi cikin lissafi ya kira shi kimiyya. Hägerström kuwa, tare da abokin aikinsa Adolf Phalén, mai kujerar falsafar nazari, aka san su da mazhabar Uppsala.

Hägerström ya sauka daga kujera a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki a Jamus, ya rasu ranar 7 ga Yuli 1939, saura ƙasa da wata biyu yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Lokacin ya yi wa koyarwarsa tambaya mai zafi. Masu suka sun riga sun laƙaba mata sunan da ke nufin rushe darajoji, yanzu kuma suka ce: in zalunci ba mugu ba ne a haƙiƙa, da wane baki za a tsawata wa mai ƙarfi? Abin ya ƙara muni da Olivecrona ya fito a 1940 yana rubutun goyon bayan Jamus. Ernst Cassirer, masanin falsafa Bayahude da ya gudo daga Jamus yana koyarwa a Göteborg, ya rubuta littafi sukutum a 1939 yana nazarin Hägerström da jayayya da shi cikin mutunci. Ingemar Hedenius, wanda daga baya ya hau kujerar a 1947, ya kare asalin ra'ayin a 1941, ya ce sanin cewa ƙin zalunci daga zuciya yake ba ya rage wa ƙin ƙarfi. Baba ya zauna a ajin Hedenius, ya ce mutum ne mai kaifin harshe.

Adalci dai shi ne a faɗi abin da Hägerström kansa ya yi fata. A ƙarshen laccar 1911 ya nuna cewa in mutane suka daina ɗaukar hukuncinsu a matsayin hukuncin sama da ƙasa, za su rage tsanani ga junansu, su dubi mai laifi da idon fahimta. Yaron da ya sa hannu a wuta ne ke magana. Ban yarda da hanyar da ya bi ba, amma na gane abin da yake gudu, kuma na ga irinsa da idona a wurare da yawa: mutumin da ya tabbata Allah na bayansa a kan kowace ƙaramar gardama, har ya manta da tausayi.

Sashen falsafa na yanzu yana jikin tsohuwar maƙabartar garin, 'yar tafiya kaɗan ce tsakani. A can aka binne Hägerström. A can kuma kabarin Dag Hammarskjöld yake, ɗan garin da ya yi karatu a jami'ar lokacin Hägerström na kan kujera, wanda shi ne babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar da aka karɓi Nijeriya a 1960, ya kuma mutu a haɗarin jirgin sama kusa da Ndola a 1961 yana neman sulhu a rikicin Kwango.

Asabar ɗin farkon Nuwamba, ranar da suke tunawa da matattunsu, Baba ya ce in raka shi. Kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Mun shiga maƙabartar cikin duhu da sanyi mai ratsa ƙashi, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: kusan kowane kabari da kyandir a cikin 'yar fitilar gilashi, dubbai, har ƙarshen ganin ido, mutane na tafe a tsakaninsu da 'ya'yansu ba mai ɗaga murya. Wannan ita ce ƙasar da aka gaya mini yawancin mutanenta ba sa zuwa coci. Muka wuce kabarin Hammarskjöld, fitilu sun yi masa ƙawanya. Muka ci gaba zuwa wani lungu inda matar Baba take.

Ya miƙo mini sandarsa da safar hannunsa, ya durƙusa da ƙyar. Iska ta kashe ashana ta farko, ta kashe ta biyu. Na matsa na tsaya ta inda iskar ke busowa. Ta uku ta kama. Ya rufe murfin fitilar, ya share ganyen da ya zuba a kan dutsen da tafin hannunsa, ya daɗe a durƙushe yana magana da ita ƙasa-ƙasa cikin harshensu. Da ya gama na kama shi ya miƙe, na mayar masa da sandarsa. Ya dubi agogo ya ce lokacin sallata ya kusa, mu bi ta gada, motar da ke zuwa wajen masallaci tana tsayawa a ƙetaren kogi.